Hujin da noti ke rufewa: Yadda masu walda ke huda ƙarfen tankunan ruwa a Wanke da kewaye

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Tankin roba mai cin lita 5,000, irin wanda ake ɗorawa a saman rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, idan ya cika ya kai tan biyar, wato nauyin buhun masara 50 masu kilo 100. Idan tankuna biyu ne a kan gado ɗaya, buhu 100 ke nan a rataye a sama, a daidai wurin da mata da yara ke layi da jarkoki safe da yamma.

Abin da ke riƙe da wannan kaya ƙafafun ƙarfe huɗu ne. Abin da ke riƙe da ƙafafun a jikin kankare kuma bol da noti ne, waɗanda suka ratsa ta cikin huji a farantin ƙarfen da ke gindin kowace ƙafa. Mai zuwa ɗiban ruwa yana ganin fenti, yana ganin walda, amma ba ya ganin hujin, domin washa da noti sun rufe shi tun ranar da aka kafa tankin.

A garin Wanke da ke Ƙaramar Hukumar Gusau, da ƙauyukan Tsafe da Bungudu, yawancin ƙananan shagunan walda ba su da injin da zai huda ƙarfe mai kauri huji mai faɗi. Abin da suke da shi shi ne injin walda, da injin yanka da goga, da ƙaramin injin huda na hannu wanda bakinsa ba ya kama tsinken da ya wuce milimita 13. Shi kuwa bol ɗin gindin tanki yakan kai milimita 16 zuwa 20, wani lokaci fiye.

Mafitar da aka saba da ita sananniya ce ga duk wanda ya taɓa zama a bakin shagon walda. Ana ƙure wutar injin, a ɗora sandar walda a kan alamar, a danna har ƙarfen ya narke ya zube ta ƙasa. Cikin ƙasa da minti ɗaya an samu huji. Maigidan ya zura bol, idan bai shiga ba ya ƙara ƙona gefe, ya ce wa yaron shago ya goge saman da injin goga.

Me ya bambanta hujin wuta da na tsinke?

Masu wannan sana'a ba jahilai ba ne, kuma hujjar da suke bayarwa tana da ƙarfi: sun yi shekaru suna yi, kuma yawancin ayyukansu na nan tsaye. Gaskiya ne. A ƙofar gida, ko tagar shago, ko ƙafar benci, hujin wuta ba zai kashe kowa ba. Matsalar tana farawa ne lokacin da aka ɗauki dabarar ƙofar gida aka kai ta ƙarƙashin tan biyar.

Abu na farko shi ne faɗi. A ƙa'idar ginin ƙarfe ta Turai, bol mai milimita 16 zuwa 24 ana yi masa huji ne da ya fi shi da milimita 2 kacal. Bol mai 20, huji mai 22. Hujin da aka ƙona da sandar walda kuwa da wuya ya tsaya a nan, yakan kai 28 ko 30, kuma ba ya zama da'ira, sai ka ga gefe ɗaya ya zarce kamar bakin tulun da ya fashe.

Ga inda lissafin ke ba da tsoro. Notin bol mai milimita 20 faɗinsa milimita 30 ne daga gefe zuwa gefe. Washar da ake sayarwa tare da shi faɗinta 37, kaurinta 3. Idan hujin ya kai 30, notin ba a kan farantin yake zaune ba, a kan siririyar washa yake, ita kuma ba ta taka komai ba sai ɗan bakin ƙarfe mai gautsi.

Wani zai ce ai nauyin tanki ƙasa yake dannawa, me zai ja noti sama? Amsar ita ce iskar farkon damina. Duk ɗan Zamfara ya san guguwar da ke zuwa gabanin ruwan farko, mai yaye kwanon makarantu. Idan ta tarar da tankin babu ruwa, ko ruwan ya yi ƙasa, tana tura shi ne ta gefe, sai ƙafafu biyu su danna ƙasa, biyun da ke ɓangaren iskar su nemi tashi. A wannan lokacin babu abin da ke hana su tashi sai notin nan da washarsa. Tanki cike ya fi zama lafiya a iska fiye da wanda ba komai a ciki, abin da mutane da yawa ba su ɗauka haka ba.

Abu na biyu shi ne gefen hujin. Tun a 1898 wani injiniya Bajamushe, Ernst Kirsch, ya nuna da lissafi cewa idan ana jan farantin ƙarfe mai huji, ƙarfin da ke taruwa a bakin hujin ya ninka na sauran jikin farantin sau uku. Wannan fa huji ne mai santsi, cikakkiyar da'ira. Idan bakin yana da tsaga-tsaga da ƙuraje irin na ƙonawa, kowace tsaga wuri ce da ƙarfi ke ƙara taruwa. Kowa ya san yadda ake yaga yadi: sai an ɗan tsaga bakinsa da almakashi, sannan a ja. Haka ƙarfe yake, sai dai shi yana ɗaukar shekaru. Tanki ya cika ya ƙare kullum, iska ta kaɗa shi ta sake shi, tsagar tana tafiya a hankali.

Sannan ƙarfen da ya narke ya huce da sauri yakan yi tauri da gautsi a zagayen hujin. A ƙarfen gini na yau da kullum abin bai cika tsanani ba, amma a tsohon ƙarfen da aka sayo daga 'yan gwangwan, wanda ba wanda ya san asalinsa, yana iya yin taurin da ko magagari ba zai ci ba.

Na uku, idan bol huɗu ne a mahaɗa ɗaya kuma hujinsu bai daidaita ba, ba sa raba kayan daidai. Ɗaya ne zai fara ɗauka shi kaɗai, sauran ukun suna jira sai ya lanƙwashe.

Ko a Amurka, inda ƙa'ida ta yarda a yanke hujin bol da wuta, sharaɗin shi ne na'ura ce za ta ja harshen wutar kuma gefen ya fito sumul. Wanda aka yi da hannu sai injiniyan da ke da alhakin ginin ya amince.

Abin lura shi ne maƙeran gargajiya ba su da wannan matsala. Maƙeri yana gasa ƙarfen ne a wuta har ya yi ja, ya ɗora a uwar maƙera, ya kafa mahuji ya buga da masaba. Ƙarfen ba ya narkewa, gefe yake matsawa, sai bakin hujin ya ƙara kauri. Hujin garmar shanu da aka yi haka yakan daɗe. Sai dai ba za ka sa ƙafar tanki mai mita shida a bakin zuga-zugi ba.

Me ya hana su sayen injin?

Kuɗi na ciki, amma ba shi kaɗai ba ne.

Zamfara na cikin jihohi huɗu da kamfanin rarraba wuta na Kaduna ke bai wa lantarki, tare da Kaduna da Sakkwato da Kebbi. Mai shago a ƙauye ba ya lissafi da wutar gwamnati, da janareta yake lissafi. A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace, jihohin Arewa da dama sun kwashe kwanaki a duhu, har masu shaguna a cikin birane suka ɗanɗana abin da na ƙauye ke sha kullum. Fetur kuma, wanda litarsa ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, ya haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Huji da sandar walda minti ɗaya ne. Huji da tsinke, idan an bi ƙa'ida, yana iya cin minti biyar zuwa goma. Gadon tanki ɗaya na iya buƙatar huji 16 a gindi kaɗai, ban da na sandunan da ke gicciye. Mai walda yana jin ƙarar janareta ne kamar ƙarar kuɗinsa na zuba.

Sai batun hanya. A wani wurin, mai shago zai ɗora ƙarfen a mota ya kai birni a huda masa ya dawo kafin la'asar. Wanke na cikin garuruwan da suka sha fama da hare-haren 'yan bindiga da satar mutane, kuma a nan fita hanya shawara ce da ake yi da iyali. A 2021, lokacin da gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya, masu aiki da janareta a karkara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wanda ya saba aiki a irin wannan yanayi yakan koyi gama komai da abin da ke hannunsa.

Na ƙarshe, kuma a ganina shi ne babba, ba wanda ke biyan kuɗin huji. Kwamitin masallaci ko ɗan kwangilar da ya karɓi aikin rijiya yana ciniki ne a kan gadon tanki gaba ɗaya: tsayi kaza, ƙarfe kaza, fenti kaza. Wanda ya huda da tsinke da wanda ya ƙona kuɗinsu ɗaya. Ranar miƙa aiki kuma ana ɗaukar hoto ne daga nesa.

Sirrin yana wajen rage gudu

Da yawa daga masu waldar da suka taɓa gwada babban tsinke sun bar shi ne saboda ya ƙone musu a huji na biyu ko na uku, suka yanke hukuncin cewa jabu ne. Akwai jabu a kasuwa, babu musu. Amma abin da ya fi kashe tsinke shi ne gudu.

Tsinken huda na zamani, mai murɗaɗɗen jiki, wani Ba'amurke ne mai suna Stephen Morse ya yi masa rajista a 1863. Irin ƙarfen da ake yin sa da shi yanzu, wanda ake rubuta HSS a jikinsa, ya samo asali ne daga gwaje-gwajen Frederick Taylor da Maunsel White a kamfanin ƙarfe na Bethlehem, aka nuna shi a baje kolin Paris na 1900. Yana jure zafi har kusan digiri 600 kafin ya yi laushi. Da zarar bakinsa ya wuce haka, ya mutu, ko da sabo ne fil.

Ƙa'idar ita ce, a ƙarfen gini, gefen tsinken ya riƙa tafiyar kimanin mita 25 a minti ɗaya. Da yake babban tsinke zagayensa ya fi tsawo, dole ya rage juyi. Tsinke mai milimita 6 yana son juyi kusan 1,300 a minti. Mai milimita 13, kusan 600. Mai 22, kusan 360. Mai 40, kusan 200. Ƙaramin injin hannu kuwa yakan yi juyi 2,500 zuwa 3,000. Wanda ya sa tsinke mai 22 a irin wannan injin yana gudu ne ninki bakwai ko takwas na abin da ya kamata. Ba ya yanka, goga yake yi, kuma goga zafi take haifarwa.

Ɓawon ƙarfen da ke fitowa shi ne ke ba da labari. Idan yana fitowa dogo, a murɗe, fari kamar azurfa, ta gefe biyu na tsinken daidai, aiki na tafiya. Idan ya koma shuɗi, zafi ya yi yawa. Idan gari ne ke fitowa da ƙara mai tsinin kunne, tsinken ya dakushe ko ba a danna shi yadda ya kamata.

Injin huda na tsaye, mai ginshiƙi da teburi, shi ne maganin wannan, domin yana da bel da fuli da ake sauyawa. Ƙananan da suka fi araha mafi ƙarancin gudunsu yakan tsaya a wajen juyi 500 zuwa 600, wanda ya yi yawa ga babban huji. Amma lissafin gyaransa ba ya wuce na aji uku a sakandare. Motar lantarki irin ta gama-gari tana juyi kusan 1,440 a minti. Idan fulin motar milimita 50 ne, na sandar tsinken kuma 200, gudun ya ragu kashi huɗu, ya koma 360, daidai abin da huji mai 22 ke so. Mutanen da ke haɗa injin niƙa da injin casar masara da hannunsu, suna daidaita fuli da bel kullum, wannan ba zai gagare su ba.

Sauran matakan ba sa cin kuɗi. A auna, a ja layi, a buga alama da tsinin ƙarfe da guduma domin kada tsinken ya yi yawo. A fara da ƙaramin tsinke, kamar mai milimita 5 ko 6, saboda tsakiyar babban tsinke ba ta yanka, turawa take yi, kuma ita ce ke cin ƙarfin mai dannawa. Daga nan a tafi kai tsaye zuwa babban. Al'adar bin tsinke biyar ɗaya bayan ɗaya, 8, 10, 12, 16, 20, tana karya kusurwar tsinke kuma tana sa ya cafke.

A sa mai. Wanda aka fi gani a shaguna shi ne baƙin man da aka juye daga inji, saboda kyauta ne. Ya fi babu, amma yana ɗauke da datti, hayaƙinsa ba shi da kyau ga ƙirji, kuma daɗewar taɓa shi na cutar da fata. Akwai man yanka da ake sirkawa da ruwa ya koma fari kamar madara, ɗan kaɗan yana yin aiki mai yawa. Inda babu shi, man gyaɗa ma yana yi.

Nisan huji daga bakin farantin ma yana da iyaka. Mafi ƙaranci a ƙa'idar Turai shi ne faɗin hujin sau 1.2 daga tsakiyarsa zuwa baki, wato kusan milimita 27 ga huji mai 22, kuma gwanaye sukan ƙara a kan haka. Tsakanin huji da huji kuma kada ya gaza faɗinsa sau 2.2.

Akwai kuma wurin da ba a hudawa sam. A ƙarfe mai siffar H da ke kwance yana ɗauke da kaya, leɓen sama da na ƙasa su ne ke yin aikin, musamman a tsakiyar tsawonsa. Idan dole sai an ratsa bututu ko waya, a huda bangon tsakiya, a daidai rabin tsayinsa. Masu ƙera manyan motoci suna rubuta wannan gargaɗi a littattafansu, wasu har a jikin shasi: kada a huda leɓe. Masu haɗa bodin manyan motoci a Gusau da Funtua sun san inda shasi ke tsagewa idan an saɓa.

Zobe maimakon cin tuwon duka

Idan huji ya wuce milimita 25, tsinke na yau da kullum ya zama wahala, domin sai ya mayar da duk ƙarfen da ke cikin da'irar ɓawo. Dabarar da ta fi ita ce a yanke zoben gefe kawai, tsakiyar ta faɗo kamar kwabo.

Mafi araha shi ne zarton huji, mai kama da ƙaramin gwangwani da haƙora a baki. Yana yi wa farantin da bai wuce milimita 5 ko 6 ba aiki sosai, kuma da haƙuri yana cin wanda ya fi haka. Lagonsa shi ne ɓawo ba ya samun hanyar fita, sai ya cushe haƙoran. Gwanaye sukan huda ɗan ƙaramin huji a kan layin da'irar, ta ciki, domin ɓawon ya riƙa zuba ta nan.

Babban yayansa shi ne mayankin zobe da wani Ba'amurke, Douglas Hougen, ya fito da shi a farkon shekarun 1970, aka san shi da sunan Rotabroach. A huji mai milimita 40, idan kaurin bakin mayankin 5 ne, abin da yake ci bai kai rabin abin da tsinke zai ci ba. Ana ɗaura shi ne a injin huda mai maganaɗisu, wanda nauyinsa bai fi kilo 10 zuwa 15 ba. Maimakon a kai ƙarfe wurin inji, injin ake ɗorawa a kan ƙarfen, a kunna maganaɗisun ya manne, a huda cikin ƙasa da minti ɗaya, hujin ya fito kamar na kamfani.

Wanda zai saya ko ya yi haya a wannan yanki sai ya san abu huɗu da mai sayarwa ba lallai ya faɗa masa ba. Maganaɗisun na lantarki ne, idan wuta ta ɗauke ko janareta ya mutu, a take yake saki. Idan a jikin ginshiƙi ake aiki ko a sama, injin zai faɗo a kan mai riƙe da shi, shi ya sa ake haɗo shi da sarƙa ko ɗamara, wadda da yawa ke jefarwa a kwali. Yana jan wuta kusan wat 1,000 zuwa 1,200, don haka ƙaramin janaretan kunna fitila da fanka ba zai ɗauke shi ba, kuma idan wutar ta yi rauni riƙon ma rauni yake yi. Yana son ƙarfe mai kaurin aƙalla milimita 10, mai tsabta, ba tsatsa ba fenti mai kauri. Kuma ba a yin walda a jikin ƙarfen da yake manne da shi, domin wutar na iya lalata shi.

Mai shago ɗaya a Wanke ba zai mayar da kuɗin wannan inji da aikinsa shi kaɗai ba. Amma masu walda suna da ƙungiyoyi, suna adashi, suna haɗa kuɗin biki da na jinya. Inji ɗaya a hannun ƙungiya, ana haya da kuɗin huji, ba abu ne da ya fi ƙarfinsu ba.

Hatsarin da ke cikin shagon

Babban tsinke yana da hali ɗaya: a daidai lokacin da zai ɓulla ta ƙasa yake cafkewa. Idan injin hannu ne, injin zai juya ya murɗe wuyan hannun mai riƙe da shi. Idan injin tsaye ne kuma yaron shago ne ke riƙe da farantin da hannu, farantin zai koma wuƙa mai juyawa a daidai cikinsa. Maganin shi ne a matse ƙarfen da teburi da abin matsewa, ko a ɗiga masa walda a gefe a cire daga baya, sannan a sassauta dannawa idan an ji ya kusa ɓulla.

Safar hannu tana da amfani wajen walda, amma wajen huda ita ce ke jan yatsa cikin inji. Haka hannun riga mai faɗi, da carbin da ke rataye a wuya. Ɓawon da ya naɗe a tsinke ba a cire shi da yatsa, kaifinsa na reza ne. Tabarau na kariya kuwa bai kai kuɗin cire ɓarɓashin ƙarfe ɗaya daga ido a asibiti ba.

A kai faranti birni, a bar ginshiƙi a gida

Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtua da Tsafe da Gusau ya isa Kaura Namoda a 1929. Duk inda dogo biyu suka haɗu a wannan layi, bol ne ya riƙe su ta cikin hujin da aka yi da tsinke. A zamanin, idan ma'aikata suka yanke dogo a daji, da injin hannu mai mariƙi suke hudawa, ana ja ana sakewa, tsinken yana juyawa a hankali ƙarƙashin matsi mai ƙarfi, babu lantarki babu fetur. Wannan ya nuna cewa huda ƙarfe ba gudu yake buƙata ba, matsi yake so da tsinke mai kaifi.

Hasumiyar Eiffel ta birnin Paris, wadda aka gama a 1889, tana da gutsattsarin ƙarfe sama da 18,000 da huji kusan miliyan bakwai. A masana'anta aka huda su, a wurin ginin haɗawa kawai aka yi, kuma duk guntun da bai dace ba mayar da shi ake yi a gyaro.

Wannan tsari ne da mai shago a Wanke zai iya ɗauka gobe ba tare da ya sayi komai ba. Ƙafar tanki ba ta buƙatar huji, farantin gindinta ne ke buƙata, da ƙananan farantan mahaɗa. Faranti huɗu masu faɗin santimita 30 da kaurin milimita 12 nauyinsu duka bai kai kilo 35 ba, babur ɗaya zai kai su Gusau, ko ma a saye su a can a huda kafin a taho da su tare da sauran kayan aikin. Idan aka jera su aka ɗiga musu walda a gefe, aka huda su a haɗe, hujin dukkansu zai zo ɗaya. Da ɗaya daga cikinsu, ko da katakon da aka kwafi hujin a kai, za a riƙe bol ɗin a lokacin zuba kankare, yadda ranar kafawa ba za a ce bai shiga ba a ɗauko sandar walda.

Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kaura Namoda da ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara duk suna koyar da injiniyanci. A Kaduna, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ta riga ta fara aiki da masu sana'ar kasuwar Panteka domin ba su horo da takardar shaidar ƙwarewa. Abin da mai walda na karkara ke buƙata a kan huji bai wuce darasin yini ɗaya da takarda ɗaya mai jadawalin gudu da Hausa ba, wadda zai manna a bangon shago.

Ga kwamitin da zai ba da sabon aiki, tambaya ɗaya ta isa a yi tun wajen ciniki: Malam, da me za ka huda gindin? A kuma nemi ganin farantan kafin a kafa, a amince da ɗan ƙarin da zai nema.

Ga tankunan da ke tsaye tuni, ana iya dubawa ba tare da an sauke komai ba. Washar da ta lotsa ciki kamar murfin kwalba, ko tsatsar da ke tsiyaya daga ƙarƙashin noti, ko ƙafar da ke motsi idan mutum biyu suka girgiza gadon, duk alamu ne. Gyaran ma ba sai an rushe ba. Ana yanka guntun faranti mai kaurin milimita 8 zuwa 10, mai faɗin da zai rufe tsohon hujin da rara ta kowane gefe, a huda shi da tsinke daidai da bol ɗin, a kwance noti ɗaya, a zura, a ɗaure, a yi masa walda a jikin farantin gindi, sannan a koma na gaba. Noti ɗaya ake kwancewa a lokaci guda, a ranar da babu iska, a kuma janye masu ɗiban ruwa daga wurin har a gama. Watannin rani ne lokacin yin wannan, kafin hadarin farko ya haɗo a watan Mayu.